Ƙamshi daban, ganye daban

Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako da safe zai ga teburin mai shayi cike da jama'a. Yanzu kwalayen baƙin shayi sun yawaita a kantuna: wannan da ƙamshin lemu, wancan da ƙamshin citta. A ganina, ganye ya kamata mu fara dubawa kafin ƙamshi.

Koren shayin da muke dafawa a buta da baƙin shayin da ake sha da madara, itacensu guda ne. Ganyen baƙin shayi ana murza shi, a bar shi ya sha iska har ya yi duhu, sannan a busar da shi. Itacen yana da manyan iri 2. Akwai mai ƙaramin ganye na ƙasar Sin. Akwai mai faɗin ganye na yankin Asam a Indiya, wanda ya fi ƙarfi a baki. Irin Asam ne aka fi nomawa a Kenya. Nijar ba ta noman shayi. Sayo shi muke yi daga waje.

Shayin da ke cikin ƴan ƙunshin takarda galibi gaurayen ganye ne, an niƙa shi ƙanana. Wani ana ƙara masa ƙamshi, kamar Earl Grey, mai man ɓawon wani irin lemu. Wannan ba laifi ba ne. Amma ƙamshi mai ƙarfi yana iya ɓoye ganyen da ya tsufa.

Saboda haka, mu yi amfani da karatunmu. Ko rubutun kwali ba Hausa ba ne, mun san lambobi. Mu duba watan da shekarar da shayin zai lalace. Ƙamshi kuwa muna da namu: na'ana'a daga lambunan bakin kogi, citta, kanumfari da lemun tsami. Sun fi araha, kuma kuɗin na'ana'a hannun manominmu yake shiga.

Sai gargaɗi guda. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda shi ke gina jini. Mace mai ciki da mai ƙarancin jini su jira awa 1 bayan cin abinci kafin su sha.

Allah ya ba mu lafiya.