Zuwa ga Maharba: Kafin Ku Ɗora wa Baka Laifi

'Yan'uwana ma'abota kwari da baka, dattawan da suka gaji harbi da samarin da ke koyonsa a filin wasa.

Kuka ɗaya nake yawan ji daga gare ku: jiya hannu ya zauna, yau kibiya ta ƙi. Daga nan sai a sauya tsarkiya, a sauya kibau, a sauya tsayuwa, duk a yini guda, har a rasa gane wanne ne ya gyara, wanne ya ɓata. Don Allah ku riƙa taɓa abu ɗaya, ku ga sakamakonsa, sannan ku taɓa na gaba.

Ku fara da kibau. A ware shida, a rubuta musu lamba, a tsaya kusa, kamar taku goma sha biyar, a yi ta harbi. In mai lamba 4 ce kullum ke ficewa hagu, laifinta ne. A mirgina ta a kan tebur. In tana tsalle, kyauron ya tanƙware ko ƙarfen bai zauna daidai ba. Kibiyarmu ta gargajiya ba ta da gashin da zai daidaita ta a iska, nauyin ƙarfen gaba ke jan ta, don haka ƙarafan su zo ɗaya a nauyi. Ku lura da wutsiyarta kuma. In tana rawa sama da ƙasa, gurbin da ake ɗana ta a tsarkiya ya goce. In hagu da dama take kaɗawa, taurin sandar bai dace da ƙarfin bakan ba. Ita kuwa tsarkiyar fata, da damina takan saki.

Amma in kowace kibiya ta kama gabanta, to maharbi ne. Na taɓa shafe wata guda ina zargin bakana, sai da ƙanena ya ɗauke ni bidiyo da waya daga gefe. Na ga yadda nake fizge yatsuna daga fuska, kuma kibiya ba ta gama barin baka ba na sauke hannu ina leƙen inda za ta faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin bakan ba shi da aibu ko kaɗan.

Hannun da ke ja ya sami mazauni guda a fuska, ƙarƙashin muƙamuƙi ko gefen baki, kada ya yi yawo. A gasar Olamfik daga mita 70 ake harbi, tsakiyar allon kuwa faɗinta santimita 12.2 ne kacal. A wannan nisa, gocewar hannu da kaurin ƙwayar gero ya isa ya fitar da kibiya daga cikinta. Ku ja da kafaɗa da baya, ba da damtse kaɗai ba. Kada ku shaƙe baka, ku bar shi ya jingina a gindin babban yatsa. Tsarkiya kuma ba jefar da ita ake yi ba, yatsu ake sassautawa ta zame da kanta.

Bakan da ya sa hannunku karkarwa ya fi ƙarfinku, ku koma mai sauƙi, babu abin kunya a ciki. Bayan saki, hannu ya tsaya a miƙe har kunne ya ji kibiya ta cake.

Wassalam,
ɗan'uwanku a fagen harbi.