Wasiƙa Zuwa ga Likitocin Dabbobi: Ku Je Ku Sami Kare Inda Yake

Zuwa ga likitoci da malaman dabbobi, na gwamnati da masu zaman kansu,

 

Sana'arku a ƙasar Hausa ta ginu ne a kan shanu da tumaki da awaki da kaji, kuma haka ya dace, domin su ne dukiyar talaka da asusunsa na ranar buƙata. Sai dai akwai dabbobi biyu da ke kwana a cikin gida ko a bakin ƙofa, suna cuɗanya da yara fiye da kowace saniya, amma da wuya su taka asibitinku: kare da kyanwa. Mai shanu yakan yi tattaki ya nemo ku tun ciwo bai yi nisa ba, saboda ya san abin da zai yi asara. Mai kare kuwa ba ya zuwa sai karen ya kwanta, ko kuma ya ciji ɗan maƙwabci. Shawarata gare ku guda ɗaya ce. Kada ku zauna jiran a kawo muku waɗannan dabbobi. Ku ɗauki allurar rigakafin ciwon haukan kare ku bi su unguwa-unguwa da ruga-ruga, kowace shekara, kuma ku mai da wannan ziyara hanyar koya wa masu su kulawar yau da kullum.

Abin da ya sa na ɗora maganar a kan wannan ciwo shi ne yana cikin cututtukan dabbar gida da suka fi ɗaukar ran mutum, kuma babu wadda makullinta ke hannunku kamarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkan waɗanda suka kamu, har zuwa kashi 99 cikin 100, daga kare suka samo shi, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kun fi kowa sanin yadda yake aiki. Ƙwayar cutar na cikin yawun dabba, ta shiga ta raunin cizo ko yakushi, ta bi jijiya a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ke yaudarar iyaye, domin rauni ya warke, yaro ya koma wasa, kowa ya manta. Ranar da alamu suka bayyana, yaro ya fara firgita da ruwa, likitan mutane ba shi da sauran abin yi face sauƙaƙa masa wahala. Alhali tun shekarar 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura a Faransa, yaron ya rayu. Mutuwar da aka san hanyar tare ta sama da shekara 140 ba ta kamata ta ci gaba da cin 'ya'yanmu ba.

Hanyar tare ta kuwa sananniya ce, kuma an gwada ta a kusa da mu. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, ciwon yakan rasa karen da zai tsallaka gare shi, sai ya mutu da kansa. A birnin Injamena na ƙasar Chadi, inda 'yan'uwanmu Hausawa ke zaune da yawa, an yi gangamin allura kyauta a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, kuma aka yi watanni ba a sami mahaukacin kare a birnin ba. Daga baya ciwon ya dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga kewaye. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya: abin yana yiwuwa a gari mai zafi da talauci irin namu, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne, ba na birni kaɗai ba. Ƙasar Meziko ta daure shekara da shekaru tana yi wa karnuka allura, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta kawar da kamuwar mutane ta hanyar kare. Mu ma ba mu rasa kayan aiki ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana haɗa allurar karnuka, kuma jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna yaye likitoci kowace shekara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙafar da za ta kai allurar wurin kare.

Wanda ya shiga gidajen mutane da wannan allura zai ga abin da ba ya isowa teburin asibiti. Zai ga kare mai ƙazuwa an shafe shi da baƙin man mota, fatar ta ƙone, kuma yana lasar guba. Zai ga kunnuwa cike da kaska, dasashi ya yi fari saboda cutar jini da kaskar ke ɗauke da ita. Zai ga 'yan kwikwiyo suna amai da zawon jini, ciwon da allura tun suna mako shida zuwa takwas ke hana shi. Zai ga ciki ya kumbura da tsutsa, wadda ƙwanta ke zuba cikin ƙasar da jarirai ke rarrafe. Zai ji an ba kyanwa farasitamol don tausayi, alhali ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, ko an wanke ta da maganin feshin shanu wanda jikinta ba ya iya ɗauka. Zai tarar ana jefa wa karnuka ɗanyen huhu da hanta masu ƙullutun ruwa daga mahauta, kuma ta haka tsutsar ke kammala zagayenta ta dawo wa tumaki da mutane. Zai sami kare ɗaure a rana tsaka cikin bazara, kwanon ruwansa a bushe. Masu yin haka yawancinsu ba mugaye ba ne, babu dai wanda ya taɓa zama ya gaya musu. Minti biyar na bayani da Hausa mai sauƙi, a tsakar gidan mutum, da dabbarsa a gabansa, ya fi shekara na sanarwa a bango. Ku faɗi abu kaɗan wanda za a riƙe: ruwa da inuwa kullum, dafaffen abinci marar albasa, maganin tsutsa a kan lokaci, kada a ba dabba maganin mutum sai an tambaya, allura kowace shekara.

Na san abin da za ku fara cewa, kuma kuna da gaskiya a cikinsa: wa zai biya? Likita mai zaman kansa da kuɗin magani yake ci da iyalinsa, na gwamnati kuma sau da yawa babu man babur balle ƙanƙara. Ba ina neman ku yi aikin sadaka har ku talauce ba. Amma a duba abin da aka gani a Injamena ɗin dai: lokacin da aka ce masu karnuka su biya, waɗanda aka yi wa allura ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba, nesa da abin da ake buƙata. Ma'ana allurar haukan kare ba hajar da za a bar wa ciniki ba ce, kariyar jama'a ce, kuma jama'a ya kamata su ɗauki nauyinta ta hannun ƙaramar hukuma da jiha. Ku ne kuke da hujjar da za ta sa su yi. Kuɗin yi wa mutum ɗaya jerin alluran bayan cizo ya isa a yi wa karnuka da dama rigakafi, kuma wannan lissafi kowane shugaban ƙaramar hukuma zai gane shi idan an kai masa a rubuce, da yawan cizon da aka samu a yankinsa. Shi kuma mai zaman kansa ya tuna cewa gidan da ya shiga don kare akwai akuya da kaji a cikinsa, kuma mutumin da ya ga amfaninka a ƙofar gidansa kai zai nema gobe.

Wasu kuma za su ce mutanenmu ba su damu da kare ba, har suna ƙyamarsa, yawancin karnukan ma ba su da masu su. Wannan magana tana buƙatar a auna ta. Karen da ke yawo a bola da rana galibi yana da gidan da yake komawa da dare, kuma ƙidayar da aka yi a Injamena ta nuna marasa masu ƙalilan ne. Mafarauci ya san kowane karensa da suna, makiyayi ya san darajar wanda ke tsare masa garke, mai gadi ya san wanda ke taya shi kwana. Waɗannan mutane suna da shugabanni, kuma idan Sarkin Baka ko arɗo ko mai unguwa ya sa rana, karnuka za su fito. Ta fuskar addini ma ƙofa a buɗe take. Mazhabar Malikiyya da akasarin mutanenmu ke bi ba ta ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, kuma an halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Kowane ɗalibin hadisi ya san labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa. Ba aikinku ba ne yin fatawa, amma aikinku ne ku je wurin liman ku bayyana masa cutar, shi kuma ya san yadda zai faɗa wa mutane ranar Juma'a. Wanda ma ba ya ƙaunar kare yana ƙaunar ɗansa, kuma ɗan nasa ne ake karewa.

Akwai kuma masu ganin hanya mafi sauri ita ce a bi karnuka da guba ko bindiga duk lokacin da aka yi cizo. Ku tsaya tsayin daka a kan ƙin wannan. Mahaukacin kare da ya tabbata dole a kashe shi, babu gardama. Amma kisan kan mai uwa da wabi bai taɓa kawar da ciwon a ko'ina ba. Yakan haɗa da karnukan da aka riga aka yi wa allura, waɗanda su ne katangar unguwa. Masu karnuka sukan ɓoye nasu ko su kai su wani gari, su tafi da cutar. Cikin 'yan watanni sababbin kwiyakwiyai marasa rigakafi sun cike gurbin. Guba kuma ba ta zaɓe, takan ci kyanwa da kaji da ungulu, wani lokaci har yaro. Tsibirin Bali na Indunusiya ya gwada kisa bayan ɓarkewar ciwon a 2008, bai ga sauƙi ba sai da aka koma ga allura.

Idan kun fita, ku fita da aiki mai inganci, domin allurar da ta lalace ta fi rashin allura haɗari: mai kare ya saki jiki, kare kuwa ba shi da kariya. A ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare, kada ta kwana a aljihu ko akwatin babur. Ku ba kowane kare kati, ku rubuta shi a littafi, ku sa masa alama, don ku san ko kun kai kashi 70 ko kuwa zato kuke yi. Kada ku tsallake 'yan kwikwiyo da kyanwoyi. Ku dawo baɗi, saboda karnukanmu ba sa daɗewa, kuma cikin shekara ɗaya sababbi sun yi yawa. Ku tuna ba kowane kare mai ciwon ke hauka ba, wani shiru yake yi, muƙamuƙi ya saki, yawu na zuba, mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale ya tura hannu a baki. Ku kanku ku yi allurar kariya kafin ku fara wannan aiki. Idan kuma aka zo muku da labarin cizo, maganarku ta farko ta zama a kan mutumin: a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, kada a sa toka ko barkono, a tafi asibiti a ranar. A tsare karen kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jinkirta allurar mutum don jiran sakamako. Idan karen ya mutu ko an kashe shi, a aika kansa ɗakin gwaji cikin sanyi. Ku san ma'aikacin asibitin mutane na yankinku, ku riƙa sanar da juna, domin cizo ɗaya da ya gani alama ce gare ku cewa akwai unguwar da ke buƙatar ku gobe da safe.

Sana'arku ta taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. Ciwon bushiya ya sha share garken shanu a ƙasar nan, har shi ne dalilin kafa cibiyar Vom a 1924. Magabatanku ba su zauna a ofis ba, sun bi makiyaya mashaya da burtali, Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa hannu tun 1962, kuma a 2011 aka shelanta cewa cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yanzu hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kada wani ya sake mutuwa ta cizon mahaukacin kare, kuma kowace 28 ga Satumba ana tunatar da wannan alkawari. Taro da jawabi a ranar ba za su cika shi ba. Kowannenku ya zaɓi unguwa ɗaya ko ruga ɗaya a bana, ya ƙidaya karnukanta, ya sa rana da mai unguwa, ya yi musu allura, ya rubuta, ya koma baɗi. Allah ya yi wa aikinku albarka, ya tsare ku da iyalanku.

Wassalam.

Naku mai fatan alheri.