Me ya sa ɗalibin lauya ke buƙatar ɗan nahawun Latin?

Duk lokacin da wata kotu a Najeriya ta ce a koma "status quo ante bellum", sai gardama ta ɓarke, kowane ɓangare na cewa shi hukuncin ya bai wa gaskiya. Alhali ma'anar a fili take: yadda abubuwa suke kafin yaƙi, wato kafin rigimar ta fara.

Irin wannan ne ya sa ya kamata tsangayoyin koyon aikin lauya su ware ko da zango ɗaya don koyar da tushen nahawun Latin, maimakon barin ɗalibai suna haddace kalmomi ba tare da sanin yadda aka gina su ba.

Abin bai kai wahalar da ake zato ba. Sirrin Latin yana ƙarshen kalma. A jimlar "puer puellam videt", wato yaro yana ganin yarinya, harafin "m" na ƙarshen "puellam" shi ke nuna ita ake gani. Ko an juya an ce "puellam puer videt", yaron ne dai mai gani.

Wanda ya karanta Ajurrumiyya a zaure ba baƙo ba ne a nan, domin i'irabi ne: raf'i da nasabi da jarri. Bambancin kawai shi ne Larabci na da hali uku a suna, Latin kuwa shida. Sunayensa sun kasu rukuni 5, aikatau rukuni 4, sannan bayan namiji da mace akwai jinsi na uku.

Da wannan ɗan sani, ɗalibi zai gane cewa "judice" a cikin "sub judice" ita ce "judex", alƙali, ta sauya saboda "sub" da ta gabace ta. Zai kuma gane cewa "habeas corpus" umarni ne a gabatar da mutumin da ake tsare da shi.

Wasu za su ce ai mataccen harshe ne. Suna da hujja: Ingila, wadda Najeriya ta gaji tsarin shari'arta, ta rage amfani da Latin a ƙararrakin da ba na laifi ba tun 1999. Amma tsofaffin hukunce-hukuncen da lauyoyi ke kafa hujja da su cike suke da shi, kuma alƙalan Najeriya ba su daina ba.

Malamai ma akwai su, domin Jami'ar Ibadan na da sashen da ke koyar da Latin da Girkanci. Ga kuma littafin Hans Ørberg, "Lingua Latina per se Illustrata", wanda ke koyarwa ta hanyar labari.

Matuƙar 'yancin mutum na iya rataya a kan kalma biyu ta Latin, bai kamata lauyansa ya tsaya ga hadda ba.