Wuraren Taron Jama'a Da Marasa Matsuguni: Nauyin Da Ke Kan Ƙananan Hukumomi

Kamar yadda jama'ar da ke zaune a gaɓar kogin Rima suka sani, kusan kowace damina daga watan Agusta zuwa Satumba, ruwa kan tumbatsa ya shiga fadamu da gidaje tun daga Augie da Argungu har zuwa Birnin Kabi da Bunza. A shekarar 2010 ambaliyar da ta biyo bayan cikar madatsar ruwa ta Goronyo ta raba ɗimbin jama'a da muhallinsu a jihohin Sakkwato da Kabi. A shekarar 2020 kuwa, ruwa ya shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske a wannan jiha, ya kuma rushe gidajen ƙasa a ƙauyuka da dama. A duk lokacin da haka ta faru, tambayar farko da mai unguwa kan fuskanta ita ce inda za a sauke mutanen da suka kwana babu rufi, kuma amsar da aka saba bayarwa ita ce makarantar firamare mafi kusa.

Ya kamata mu tunatar da shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli cewa kula da irin waɗannan bayin Allah aiki ne da doka ta ɗora masu. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kafawa da kula da gidajen gajiyayyu da marasa galihu a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da maƙabartu. Wannan jadawali dai shi ne ya ba ta ikon kula da kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a, wato ainihin wuraren da marasa matsuguni ke kwana. A da, uzurin da ake kawowa shi ne kuɗin ƙaramar hukuma na maƙale a asusun haɗin gwiwa na jiha. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma 21 daga cikinsu namu ne. Duk wanda kasonsa ya ƙara kusantar hannunsa, talakawansa za su ƙara tambayarsa abin da ya yi da shi.

A ganinmu, sauke jama'a a makaranta mataki ne na daren farko kawai. Watan Satumba da ruwa ke kai maƙura shi ne watan da yara ke komawa aji don sabon zangon karatu. Idan iyalai hamsin suka shiga azuzuwa shida, karatu ya tsaya ke nan, kujeru su koma makamashin girki, masai biyu da aka gina don ɗalibai su cika cikin 'yan kwanaki, daga nan sai amai da gudawa. Abin da ya faru a Maiduguri ya isa misali, inda ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta tilasta rufe makarantu tare da mayar da wasunsu sansanoni. A jihar da take fama da matsalar yaran da ba sa zuwa makaranta, asarar makonni huɗu ko biyar ba ƙaramin abu ba ne, domin wani yaron in ya koma gona ko kamun kifi, ya tafi ke nan.

Alhali kuwa akwai wasu wuraren. A Birnin Kabi muna da filin wasa na Haliru Abdu. A Argungu akwai filaye da gine-ginen da aka tanada don bikin kamun kifi, bikin da ya samo asali tun 1934, wanda ake gudanarwa da rani, wuraren kuma su zauna shiru sauran watannin shekara. Sai dai a nan wajibi ne a tantance ɓangaren da ke kan tudu, domin abin da ke dab da Matan Fada shi kansa ruwa na iya cinye shi. Kowace sakatariyar ƙaramar hukuma tana da ɗakin taro, akwai kuma filayen idi da ke bisa tudu a garuruwa da yawa. Wasu daga cikin waɗannan wurare mallakar jiha ne, don haka sai an nemi izini a rubuce tun kafin buƙata ta taso.

Ban da masu ambaliya, akwai waɗanda rashin matsuguninsu ba ya bin damina. Duk wanda ya ratsa unguwar Nasarawa ko tashar mota bayan sallar isha'i zai ga masu kwana a rumfunan shaguna: almajirai, tsofaffin mabarata, masu taɓin hankali, da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan masarautar Zuru. Lokacin cutar korona a 2020, gwamnonin Arewa sun kwashe almajirai zuwa jihohinsu na asali, amma ba a daɗe ba tituna suka sake cika, saboda ba a taɓa dalilin da ya fito da su ba. A shekarar 2023 aka kafa hukumar tarayya mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, to amma hukumar da ke Abuja ba za ta san yaron da ke kwana a bakin kasuwa ba, sai mai unguwa da malamin tsangaya.

Abin da ƙaramar hukuma za ta iya yi ba tare da sabon gini ba shi ne ta ware rana guda a kowane wata ta buɗe ɗakin taronta ga irin waɗannan mutane. Ma'aikatan lafiya na matakin farko su duba marasa lafiya su yi wa yara rigakafi, jami'an jin daɗin jama'a su rubuta suna da garin kowa, a sada mai dangi da danginsa. Muna jan hankalin cewa kada a mayar da ranar ta zama ta jawabai da ɗaukar hoto, inda manya za su cika kujeru, mabukata kuwa na tsaye a rana suna jiran mudun gero. Haka nan a keɓe wa mata wurinsu da ma'aikata mata, in ba haka ba da yawansu ba za su zo ba.

Saboda haka muna kira ga kowace ƙaramar hukuma da ke kwarin Rima ta zauna da hakimai da dagatai kafin watan Yuli, ta fitar da jerin wuraren da ke kan tudu, da adadin mutanen da kowane zai ɗauka, da yanayin ruwan sha da makewayinsa. A miƙa kwafi ɗaya ga Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Jiha, a karanta ɗaya a masallatan Juma'a da ranakun kasuwa, domin magidanci ya san inda zai nufa da iyalinsa idan ruwa ya iso cikin dare.