Raddi Ga Masu Son A Zuba Masara A Tankin Mota

Tun da majalisar Amurka ta wajabta gauraya itanol da fetur a 2005, ta kuma ƙara adadin a 2007, masu kare wannan sana'a hujjoji uku suke ta nanatawa. Yau sama da kashi ɗaya bisa uku na masarar ƙasar a matatun itanol take ƙarewa.

Suka ce makamashi ne mai sabunta kansa, tunda kowace shekara masara na tsirowa. Masarar ce kaɗai ke sabuntawa. Takin zamanin da ake zuba mata daga iskar gas ake yin sa, tarakta dizal take sha, matatun ma galibi gas suke ƙonawa. Ga shi litar itanol ba ta kai mota inda litar fetur ke kai ta. A 2022 binciken da Tyler Lark na Jami'ar Wisconsin ya jagoranta ya lissafa har filayen ciyawar da aka nome saboda wannan kasuwa, ya gano illar itanol ga yanayi ba ta gaza ta fetur ba, mai yiwuwa ma ta fi ta.

Suka ce ba a asarar abinci, dusar da ta rage bayan an tatsi masarar tana komawa ga dabbobi. Gaskiya ne, amma kusan kashi ɗaya bisa uku ne ke dawowa.

Hujjar da suka fi taƙama da ita ita ce wai masarar dabbobi ce, ba ta bakin mutum ba. Wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ya san in masara ta tashi, dawa da gero ba sa zama. Haka aka yi a Meziko a Janairun 2007: farar masarar da suke yin waina da ita ta bi jar masarar dabbobi wajen tsada, talakawa suka fito zanga-zanga. A 2008 aka yi boren tsadar abinci a Haiti da Kamaru da Burkina Faso. Fari a Ostireliya da tsadar ɗanyen mai duk sun taka rawa, ba mu musu. Sai dai fari daga Allah ne, dokar itanol kuwa 'yan majalisa suka rubuta ta, kuma za su iya soke ta. Tarayyar Turai ma a 2015 ta ƙayyade man da ake tatsa daga amfanin gona.

In suka kawo misalin Brazil, to can rake ake tatsa, kuma lissafinsa daban ne.

Nijeriya ta fitar da manufar itanol a 2007, da niyyar tatsar rogo da rake. Mu roƙonmu ga hukuma shi ne kada a taɓa rogo muddin gari na gagarar talaka.