Hanyar Wuƙa a Kan Allo, da Hanyarta a Cikin Ƙarfe

Mu ɗaliban sashen injiniyan injuna mun shafe zangon karatun da ya wuce muna koyon yadda ake tsara wa injin yankan ƙarfe hanyar da wuƙarsa za ta bi, ta amfani da manhajar da ake kira CAM. Mun zana, mun zaɓi wuƙa, mun danna, mun ga ƙarfe na ƙarya yana raguwa a kan allo har siffar da muke so ta fito sumul. An ba mu maki, wasunmu har da yabo. Amma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa jin ƙaran wuƙa tana cin ƙarfe na gaske. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan, domin muna ganin an juya mana tsarin koyo, an fara mana da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe.

Saboda 'yan'uwanmu na sauran sassa, bari mu ɗan yi bayani. Injunan da muke magana a kansu iri biyu ne. Akwai injin feƙe ƙarfe, wanda ke cafke sandar ƙarfe ya riƙa juya ta, wuƙa kuma ta matso ta feƙe ta kamar yadda ake feƙe fensir. Akwai kuma injin sassaƙa, wanda a cikinsa wuƙar ce ke juyawa, ƙarfen yana ɗaure a kan tebur. A da, hannun mutum ke murza su. Yanzu kwamfuta ke tuƙa su, shi ne ake ce musu CNC, kuma umarnin da suke ji layuka ne na haruffa da lambobi. G00 na nufin ruga da gudu ba tare da yanka ba, G01 yanka a miƙe, G02 da G03 yanka a lanƙwashe, ɗaya ta hannun agogo ɗaya akasinsa, M03 kuwa ya sa wuƙa ko sandar ta fara juyawa. Aikin manhajar CAM shi ne ta dubi zanen da aka yi, ta lissafta hanyar wuƙa, ta rubuta waɗannan layuka a madadin mutum.

Wannan fasaha ba jiya aka fara ta ba. A ƙarshen shekarun 1940 wani Ba'amurke mai suna John Parsons, a jihar Michigan, ya yi amfani da katuna masu huji wajen lissafta siffar fikafikan jirgi mai saukar ungulu. A 1952 masana na jami'ar MIT suka nuna injin sassaƙa da ke karɓar umarni daga zaren takarda mai huji-huji, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1950 suka fito da harshen APT a ƙarƙashin jagorancin Douglas Ross. Manhajar Mastercam ta bayyana a 1983, Fusion 360 kuma a 2013. Abin lura a wannan tarihi shi ne, waɗanda suka gina fasahar sun gina ta ne a kan sanin da masu aikin hannu suka riga suka tara game da ƙarfe. Har ma wani masanin tarihi, David Noble, ya rubuta littafi a 1984 yana mai cewa wani ɓangare na dalilin da ya sa manyan kamfanoni suka rungumi wannan hanya shi ne su cire iko daga hannun ma'aikacin da ke gaban inji su mayar da shi ofis. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, mu dai ga shi an zaunar da mu a ofishin tun ba mu taɓa tsayawa gaban injin ba.

Me manhajar ta sani, me kuma ba ta sani ba? Ta san siffa, ta san lissafi, ba ta gajiya. Amma ba ta san ko an ɗaure ƙarfen da kyau ba. Ba ta san wuƙar ta dakushe ba, ko an bar ta ta zazzago da tsawo har tana rawa. Ba ta san cewa sandar da aka sayo a kasuwa da sunan ƙarfe mai laushi ashe gindin wata tsohuwar mota ce mai taurin tsiya ba. Duk abin da aka gaya mata shi take gaskatawa, kuma da irin kyan hoton da za ta nuna wa mai gaskiya, da shi za ta nuna wa mai kuskure.

Mu ɗauki misali ɗaya. Wuƙar ƙarfe mai kaurin milimita 10, in za ta ci baƙin ƙarfe mai laushi a saurin mita 30 a minti, lissafi ya ba da juyi kusan 955 a minti. In tana da haƙora 4, kowane haƙori kuma zai ɗebi milimita 0.05, to tafiyarta ta kama milimita 191 a minti. Ɗalibin da ya taɓa yin wannan lissafi da hannunsa, ya kuma tsaya ya ga ɓarɓashin da ke fita, idan manhaja ta kawo masa juyi 5,000 zai tsaya ya yi tambaya. Wanda bai taɓa yi ba kuwa, sai ya danna ya wuce, domin a wurinsa lamba lamba ce kawai.

A injin feƙe ma akwai wani tarko da ya fi wannan haɗari. Umarnin G96 yana sa inji ya ƙara saurin juyi a duk lokacin da wuƙa ta matso tsakiyar sanda, don saurin yanka ya tsaya daidai. In ba a sa masa iyaka ba, wanda a injunan feƙe na Fanuc da G50 ake yi, zai yi ta hawa har ya kai ƙarshen ƙarfinsa, kuma yawan juyi yana sassauta riƙon da baki ya yi wa ƙarfen. Wannan ba maganar asarar maki ba ce, maganar rai ce. Haka nan G20 da G21, inci da milimita: kuskuren lamba guda ya ninka tafiyar wuƙa sau 25.4.

Sai kuma batun tafinta. Hanyar da manhaja ta lissafta ba ta shiga inji kai tsaye, sai wani ƙaramin shiri ya fassara ta zuwa karin harshen da injin ke ji, domin na Fanuc daban, na Siemens daban, na Heidenhain daban. Tafinta kan yi kuskure, kuma wanda bai iya karanta layukan da kansa ba, ba shi da hanyar da zai kama shi. Ranar da aka ba rukuninmu dama sau ɗaya tak muka gwada shirinmu a inji, mun manta ba mu daidaita mafarin awo da saman ƙarfen ba. Wuƙa ta sauko a guje ta soki ƙarfe ta karye nan take. Dattijon da ke kula da ɗakin injuna bai yi mana faɗa ba, sai ya ɗauki guntun ya ce, "'Ya'yana, da kun fara gudanar da shi a sama cikin iska, layi bayan layi, da kun gani da idonku." Babu wanda ya taɓa gaya mana haka a aji.

Kada a ɗauka muna kiran a koma zamanin da ne. Babu ɗan Adam ɗin da zai zauna ya rubuta dubban layukan da ake bukata don sassaƙa mazubin roba mai lanƙwasa ta ko'ina, kuma sababbin hanyoyin yanka da ke kiyaye nauyin da ke kan wuƙa daidai, manhaja ce kaɗai ke iya lissafta su. Mun kuma san uzurin hukuma: wuƙaƙe da tsada, man janareta da tsada, inji ɗaya ɗalibai da yawa, in ya lalace gyaransa sai an nemo mai gyara daga nesa. Duk gaskiya ne. Sai dai injin da aka lulluɓe don tsoron kada ya lalace, ba mu ga amfanin da ya fi wanda ya lalace ɗin da shi ba. Kuma ba dole ne a fara da ƙarfe ba, ana iya koyo da kakin zuma ko katako ko alminiyam, waɗanda ba sa cin wuƙa.

Abin da ke ba mu kunya shi ne, in muka je Panteka a Kaduna, sai mu tarar da mutanen da ba su taɓa zama ajin jami'a ba suna feƙe sandar injin niƙa, suna gane saurin ya yi yawa daga ƙara da launin ɓarɓashi kawai. Su suna da abin da muka rasa, mu muna da abin da za su so su samu, amma wanda zai haɗa biyun shi ne aka ce ana horarwa a nan.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyar ɗalibai ta kai kukanmu gaban tsangaya. A fara sa mu murza injin hannu na tsawon zango guda, sa'an nan mu rubuta gajerun shirye-shirye da kanmu mu gudanar da su, kafin a buɗe mana manhajar CAM. A kuma daina ba da makin ƙarshe a kan hoton allo. A ba kowane rukuni guntun alminiyam da wuƙa guda, malami ya zo da ma'auninsa ya gwada abin da ya fito daga inji.