WA YA HANA MU SHAN ISKA A JIBIYA?

Ya ku jama'ar Jibiya, maza da mata.

Zaɓe ya matso, kowane ɗan takara bakinsa tsaro, tsaro. To, ga mudun da za ku auna su da shi. Gari mai zaman lafiya shi ne wanda dattijo zai fita bayan la'asar ya miƙe ƙafa har bakin dam, yaro ya ari keken ubansa ya yi kilisa a hanyar Magama, uwarsa kuma ba ta leƙen ƙofa tana salati.

Iyayenmu sun san wannan zamani. Mutum ya wanke Raleigh ɗinsa, ya tsallaka Ɗan Isa ya gaida dangi, ya komo kafin magariba, babu mai ce masa kanzil. Me ya raba mu da wannan?

Ku tuna. A watan Agusta 2019 gwamnatin tarayya ta garƙame iyaka, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma yanke layin waya wata da watanni. A 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin gari gudun hijira. Wanda ya ga wannan, ina shi ina yawon shan iska?

Wani zai ce, malam, ana ta rai wa yake ta keke? Sannu dai. Ai abin tafe yake da juna. Titin da mutane ke kai da kawowa, titi ne mai idanu. Baƙon fuska ba ya wucewa ba a gan shi ba, mai kai wa ɓarayin daji labari ba ya sakewa. Ranar da tsoro ya kora kowa ɗaka, ranar muka bar wa mugu unguwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga kuma lafiyar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wanda aka kulle a zaure, hawan jini da ciwon suga ke jiransa. Yaron da bai yi wasa a waje ba, kowane malami ya san yadda yake zama a aji.

Saboda haka duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tsare shi da tambaya huɗu:

1. Yaushe za a sa fitilu masu aiki da hasken rana a lungunanmu da hanyar dam?

2. Yaushe za a ware wa mai ƙafa da mai keke gefensu a hanyar Magama, a yi wa manyan motoci tasha su daina cinye bakin titi, musamman ranar kasuwar Lahadi?

3. Askarawan tsaro da jiha ta kafa a 2023, za a riƙa ganinsu suna sintiri cikin unguwa da yamma?

4. Sulhun da aka yi a 2025, wa zai tsaya a kan ya ɗore?

Shingen jami'ai muna da su birjik daga nan har Katsina. Da yawan shinge ke kawo kwanciyar hankali, da tuni mun yi barci har da minshari.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya amsa da rana da wata, ku saurare shi. Wanda ya amsa da atamfa da sabulu, ku gane shi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalam.